Doka Da Mai Kafa Ta

Cikin kalmomin da mu ke ji kullum, a makaranta da kasuwa da ƙofar fada, da wuya a sami wadda ta fi "doka" kashe bakin mutum. Ko ana cikin gardama mai zafi, da an ce, "Ai doka ce," sai ka ga kowa ya yi tsit. Tun da ya ke mu masu koyon aikin malanta mu ne gobe za mu riƙa faɗa wa yara wannan kalma, ya kamata mu san abin da ke cikinta.

Da fari mu duba yadda Bahaushe ya ke sarrafa ta. Ya kan ce an kafa doka, kamar yadda a ke kafa shinge. Wanda ya saɓa kuwa sai a ce ya keta ta, ko ya karya ta, ko ya taka ta. Ashe a wurin kakanninmu doka shinge ce. Manomi kuwa ba don ƙin awaki ya ke shan wahalar shinge ba, sai don akwai rogo a ciki da ya ke so ya tsare. Haka nan ko wace doka ta ƙwarai tana da abin da ta ke tsarewa.

Sa'an nan mu rarrabe ta da 'yan'uwanta. Shari'a, kamar yadda malamanmu na zaure suka karantar da mu, asalinta daga Allah ne, ba sarkin da ke da ikon sāke ta. Al'ada gadonta muka yi, ba wanda ya san ranar da aka soma ta. Oda, wadda muka aro daga bakin Turawa, umurni ne na babba ga na ƙasa da shi. Amma doka mutane ne su kan kafa ta, a rana sananniya, saboda wata bukata, kuma ta hau kan kowa.

Ga misali. A 1901 Gwamna Lugga ya kafa doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar nan ɗa ne, ba bawa ba, kuma a 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa. Cikin Afrilu na 1972 aka mai da motocin Nijeriya daga hannun hagu zuwa dama, don mu daidaita da maƙwabtanmu irin su Nijar da Kamaru. Direban da jiya bin hagu ne daidai gare shi, yau in ya bi hagu ya yi laifi. Hannu ya sāke, amma abin da a ke tsarewa, watau rayukan mutane, yana nan yadda ya ke.

To, me ya sa jama'a da yawa, in sun ji doka, tara da kulki ke fara zo musu a rai? A zamanin En'e masu kamun mai laifi a ƙasar sarki 'yan doka a ke ce da su, kafin a haɗe su da 'yan sandan Nijeriya bayan soja sun karɓi mulki a 1966. Talaka a ƙauye ya fi ganin ɗan doka bisa ga jin dalilin doka. Wannan ciwo kuwa yana nan a ajinmu. Harafi guda ya raba doka da duka, amma yara da yawa sun ɗauke su abu ɗaya, kuma laifin malamai ne.

Wani zai ce yaro bai isa a yi masa bayani ba, in malami ya tsaya ba da dalili kwarjininsa zai zube. Gaskiya ne akwai lokacin da sai an bi kafin a fahimta, kamar in gobara ta tashi. Amma mu gwada yara biyu. Na fari an ce masa kada ya yi wanka a kududdufi, in ya yi a yi masa bulala. Na biyu an nuna masa cikin irin ruwan nan a ke ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ran da aka ba da hutu, ba malami ba bulala, wanne ne zai tsare kansa?

Abu na ƙarshe, shi ne kuma mafi nauyi, shinge ba ya sanin akuyar mai gona. Malamin da ya zo a makare, sa'an nan ya tsare ƙofa yana horon yara don makara, ya koya musu cewa doka ta marar ƙarfi ce. Yaran nan kuwa cikinsu za a sami alƙalai da hakimai da wakilan Majalisar Dokoki, abin da suka gani gare mu shi za su yi wa ƙasa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu ce wa yaro "doka ce", mu tambayi kanmu abu biyu: me ta ke tsarewa, mu kuma muna bin ta? Allah ya ba mu ikon tsare abin da muka kafa, amin.