Waiwaye: Koch da maganin da ya ɓoye sirrinsa

A ranar 24 ga Maris, 1882, wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya tsaya gaban takwarorinsa a Berlin, ya ce ya gano abin da ke haddasa tarin fuka. A wancan zamani cutar ce ajalin mutum ɗaya cikin bakwai a Turai, likitoci da yawa kuma sun ɗauka gadonta ake yi.

Bai zo da fatar baki ba. Tun yana likitan karkara a garin Wollstein ya nuna, a 1876, cewa wata ƙwaya ce ke kawo ciwon saifa a dabbobi. A wannan karon ya yi wa ƙwayar tarin rini har ta fito fili a madubin likita, ya ware ta ita kaɗai, ya rene ta makonni a kan daskararren ruwan jinin dabba, sannan ya sa wa ɓerayen Masar masu lafiya. Suka kamu. Da ya buɗe cikinsu, sai ga ƙwayar. Kayan aikin ma ya ɗebo su ya baje a zauren, mai shakka ya matso ya leƙa da idonsa. Ranar ce duniya ke tunawa da cutar har yau.

Abin da ya sa na waiwayo shi kuwa ya faru ne a 1890. A babban taron likitocin duniya, nan dai Berlin, ya sanar cewa ya samu abin da ke tsayar da cutar. Tuberkulin aka sa masa suna. Da me aka haɗa shi? Ya ƙi faɗa. Duk wanda ya taɓa jin mai tallar magani da lasifika a tasha ya san irin wannan nuƙu-nuƙun. Bambancin kawai, wannan Koch ne, sai aka sallama masa. Marasa lafiya suka yi ta tururuwa zuwa birnin. Wasu jikinsu ya ƙara rikicewa, wasu suka ce ga garinku nan. A farkon 1891 wani likita mai suna Rudolf Virchow ya bincika gawarwakinsu, ya tarar ƙwayoyin na nan daram. Dole Koch ya fito ya ce ai ruwan ƙwayoyin ne da kansu, aka tace cikin gilisarin.

A ganina ba ilimi ne ya gaza masa ba. Gasa ce ta yi zafi, domin Louis Pasteur na Faransa ya riga ya yi suna da rigakafin cizon mahaukacin kare tun 1885. Mutumin da ya koya wa duniya cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, shi ne ya nemi a gaskata shi don sunansa, likitoci kuma suka biye masa.

Tuberkulin bai tashi a banza ba, ya koma allurar gwajin fata da ke nuna ko mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Koch ya karɓi kyautar Nobel a 1905, ya rasu a 1910. Maganin farko da ya iya kashe ƙwayar, streptomycin, sai a 1943 aka gano shi.