JIHAR KAINJI: TARO YA TASHI, INA MATAKI NA GABA?

Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta ce za ta gyara tsarin mulki, sai ka ga manyan ƙasar Zuru sun ɗauki takardar neman Jihar Kainji, wadda ake son ta haɗa masarautar Zuru da na Kontagora da Borgu a Jihar Neja. A cika motoci da matasa, a je zauren jin ra'ayin jama'a, a yi jawabi, a tafa, a watse. Daga nan sai ka ji shiru kamar an shuka dusa.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2014 taron ƙasa da Jonathan ya kira, ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, ya ba da shawarar ƙirƙiro jihohi 18, har da Kainji. Rahoton yana nan a ajiye. A Fabrairun 2025 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Benjamin Kalu ya bayyana buƙatu 31, nan ma da Kainji, daga baya kuma ya ce babu ko ɗaya da ta cika sharuɗɗa.

To, waɗanne sharuɗɗa? Ya kamata 'yan uwa matasa su san cewa sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya jera matakai huɗu. Na farko, kashi biyu cikin uku na wakilan yankin su goyi bayan buƙatar: a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da majalisar dokokin jiha, da majalisun ƙananan hukumomi. Na biyu, ƙuri'ar raba gardama, inda kashi biyu cikin uku na mutanen yankin za su amince. Na uku, amincewar mafi rinjayen jihohi da 'yan majalisunsu. Na huɗu, kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya.

Alhasali, zaman jin ra'ayi ba ya cikin huɗun nan. Share fage ne kawai. Kuma tun Yankin Yamma ta Tsakiya da aka yi a 1963, farar hula ba su sake ƙirƙiro jiha ba. Ita kanta Kebbi, Babangida ne ya yanke ta daga Sakkwato da dokar soja a 1991.

Ko mutum yana son Kainji ko ba ya so, haƙƙinsa ne ya san inda magana ta kwana. Duk wanda ya tara talakawa da sunan shawara, wajibi ne ya gaya masu matakin da ake kai, da wanda aka ɗora wa alhakinsa, da ranar da za a dawo da bayani. Kansiloli nawa ne suka sa hannu a Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu? 'Yan majalisar da ke Birnin Kebbi da Minna fa?

Wannan aikin matasa ne. A sami littafi, a rubuta sunan kowane wakili da matsayinsa, a riƙa karantawa a bainar jama'a. Wanda ya ƙi sa hannu ya fito ya faɗi dalilinsa. In ba haka ba, za a ci gaba da ɗaukar matasa a matsayin 'yan cika kujera, ana tuna su ne kawai ranar da ake neman taro. Allah ya sa a gane.