WAI ARZIKIN ƘASA YA BUNƘASA: TO INA MASAƘAR GUSAU TA SHIGA?

Duk lokacin da mahukuntan ƙasar nan suka ga talaka ya fara ɗaga murya saboda yunwa, sai su fito da takardu cike da alƙaluma, su ce wai tattalin arziki yana bunƙasa, a ƙara haƙuri. Haka aka yi a watan Afrilun 2014, lokacin da aka wayi gari aka shelanta cewa arzikin Nijeriya ya kai dala biliyan 510, wai ta shige gaban Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Ba wata masana'anta aka buɗe a wannan dare ba, ba kuma wata gona aka share ba, ma'aunin lissafi kawai aka sauya. A 2025 aka sake sauya ma'aunin, sai ga arzikin shekarar 2024 ya tsaya wajen dala biliyan 243, bai ma kai rabin abin da aka yi ta kaɗa ganga a kansa ba. To shin a duk wannan hawa da sauka, me ya shiga tukunyar mutumin Tsafe? Me ya ƙaru a aljihun matashin Bunguɗu da ke kwana a kan babur yana neman na tuwo?

Amsar tana cikin takardunsu su da kansu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan mutum 74 cikin kowane 100 a Jihar Zamfara suna cikin talauci. A 2022 hukumar ta sake cewa mutum miliyan 133 a faɗin ƙasar nan suna fama da rashin abinci mai gina jiki, ko ruwa, ko magani, ko makaranta. Wannan ba ƙagen 'yan adawa ba ne, shaidar ɗan gida ce.

Ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya san yadda wannan arziki da ake ta faɗa ya kasu. Fiye da rabinsa yana ɓangaren hidima ne, wato kamfanonin waya, bankuna, saye da sayarwa da dillancin gidaje, kuma mafi tsokarsa tana Legas da Abuja. Noma, wanda shi ne ke riƙe da galibin jama'a, wajen rubu'i ne. Masana'antu kuwa, inda ake sarrafa abin da aka noma a ɗauki dubban matasa aiki, suna jan ƙafa a wajen kashi 10 cikin 100. Man fetur bai kai kashi 10 na arzikin ba, amma shi da iskar gas su ne mafi yawan abin da ƙasar ke sayarwa waje. Ma'anar wannan a taƙaice: ƙasa ce mai fitar da ɗanyen kaya ta sayo sarrafaffe. Duk wata bunƙasa da aka gina a kan haka, bunƙasar kumburi ce, ba ƙiba ba.

Babu garin da ya fi Gusau sanin wannan labari. Ba don ƙaunar Zamfarawa Turawan mulkin mallaka suka ja layin dogo daga Zariya ya ratso Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929 ba. Auduga da gyaɗa da fatu suka biyo. Ƙungiyarsu ta noman auduga, BCGA, wadda aka kafa a Ingila a 1902, ita ta dasa injinan gurza a Gusau da Funtuwa da sauran garuruwa, domin a cire gurya a ɗaure auduga a tura masaƙun Manchesta, su kuma su dawo da yadi su sayar wa wanda ya noma ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Bayan samun abin da ake kira 'yancin kai, an ɗan yi yunƙurin juya wannan akala. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna tun 1957, sannan a tsakiyar shekarun 1960 aka kafa Masaƙar Zamfara a Gusau. A lokacin sarƙar ta haɗu: manomin Tsafe da na Kwatarkwashi ya noma auduga, a auna a biya shi, a kai gidan gurza, daga nan a wuce masaƙa, guryar kuma a tatse mai a ba dabbobi ƙuli. Ɗan manomin nan shi ne ma'aikacin masaƙa mai albashi a ƙarshen wata, albashin nan shi ke raya mai shago da tela da mai tuwo da mai gidan haya. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 150, kuma babu wata masana'anta da ta kai su ɗaukar ma'aikata.

Wa ya tsinke wannan sarƙa? Ba fari ba ne, ba kuma fara ba. Da alƙalami aka tsinke ta. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rungumi shirin nan na SAP bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na IMF, waɗannan iyayen gijin bashin ruwa. Aka karya darajar naira, kayan gyaran injin da sinadaran rini suka yi tsadar da masaƙa ba ta iya ɗauka. A wannan shekarar dai aka rusa hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Babu mai musun cewa waɗannan hukumomi sun daɗe suna tauye manomi a farashi, to amma maimakon a gyara su sai aka kashe su ba tare da an kafa komai a gurbinsu ba. Ingantaccen iri ya ɓace, aka daina tantance auduga, manomi ya faɗa hannun 'yan baranda. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Wutar lantarki babu, baƙin mai ya yi tsada, iyakoki kuma a buɗe ga 'yan fasa-ƙwauri masu uwa a gindin murhu. KTL ta rufe a 2002, Masaƙar Zamfara ta bi sahu ba da daɗewa ba, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Dubban magidanta aka sallama, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Jihar da aka ƙirƙiro a 1996 ana mata kirari da cewa noma ne abin alfaharinta, sai ga shi ta buɗe ido a kan gawar babbar masana'antarta.

A daidai waɗannan shekaru da ake rufe ƙofofin masaƙu a nan, wata ƙasa can a gabashin duniya tana buɗe nata. A 1980 ƙasar Sin matalauciya ce, har idan aka raba arzikin kowace ƙasa ga mutanenta, kason ɗan Nijeriya ya fi na ɗan Sin nesa ba kusa ba. A 2024 kason ɗan Sin ya haura dala 12,000, na ɗan Nijeriya ko dala 1,500 bai kai ba. Me suka yi? Daga 1978, ƙarƙashin Deng Shiyawping, da manomi suka fara. Suka ba kowane gida gonar da zai noma ya ci ribar guminsa, suka ƙara kuɗin da hukuma ke sayen hatsi. Da kuɗi suka shiga ƙauye, sai aka kakkafa ƙananan masana'antu a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda zuwa tsakiyar shekarun 1990 suka ɗauki mutum sama da miliyan 100 aiki. Suka gina wuta da hanya da tashar jirgin ruwa, suka gayyaci baƙi, kuma baƙon da ya zo sai da ya koya wa 'yan ƙasa sana'ar. Ba su shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba sai a 2001, bayan masana'antunsu sun yi ƙwari. Zuwa 2009 Sin ta fi kowace ƙasa fitar da kaya, a 2010 ta zama ta biyu a ƙarfin arziki bayan Amurka. Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a can cikin shekaru 40.

Wato Sinawa sai da suka yi wa gidansu katanga sannan suka buɗe ƙofa, mahukuntan Nijeriya kuwa katangar suka rushe suka ce kowa ya shigo. Abin takaicin ma shi ne, UNTL, wadda Masaƙar Zamfara ta koma ƙarƙashinta, wani attajiri ne Basine daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa ta a shekarun 1960. Jiya Basine ya zo da injin ya ɗauki Bazamfare aiki, yau Basine yana zuwa da dilar atamfa ya sayar masa. Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano, inda 'yan kasuwar Gusau ke sarin kaya, ya san mafi yawan atamfa da shaddar da ke jibge daga Sin suka fito, wasu ta Kwatano wasu ta Maraɗi. A 2013 Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya rubuta a wata jaridar Ingila cewa ɗaukar ɗanyen kaya a dawo da sarrafaffe shi ne ainihin mulkin mallaka. Ya faɗi gaskiya. Abin da Bature ya yi da jirgin ƙasa, shi ake yi yau da kwantena.

Kada wani ya ɗauka ana yi wa Sin kirari ne. Wajen kashi 90 cikin 100 na audugarta daga yankin Shinjiyang take fitowa, ƙasar Musulmin Uigur, waɗanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an keta haƙƙinsu ƙwarai. Zalunci zalunci ne, ko daga gabas ya ɓullo ko daga yamma. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Basine ne ya hana Gusau wutar lantarki ba. Ba shi ne ke karɓar cin hanci a kan iyaka ba. Ba shi ne ya ware naira biliyan 100 wajen 2010 da sunan farfaɗo da auduga da masaƙu, alhali har aka gama rabon ba a ga masaƙun sun dawo yadda suke ba. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a 2023 aka janye hanin. Wane mai hankali ne zai zuba dukiyarsa a masaƙa a ƙasar da doka ke sauya launi kamar hawainiya?

'Yan koren mahukunta suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai yadin waje ya fi araha, don haka talaka ne ke amfana. To da wane kuɗi zai saya? Wanda aka raba da aikinsa, aka karya kasuwar audugarsa, ko kyauta aka ce ya zo ya ɗauka sai ya nemi kuɗin mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar ma ya gagara. Arahar da ta kashe sana'ar gida tsada ce mai zuwa a baya.

Hujja ta biyu, wai 'yan bindiga ne suka kashe tattalin arzikin Zamfara. Babu mai raina wannan masifa. Manoman ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sun san yadda ake sa musu haraji kafin su shuka, a sake sa musu kafin su girbe, matafiya kuma sun san fargabar hanyar Funtuwa zuwa Gusau. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse, aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar. Amma a duba tarihi: masaƙa ta mutu shekaru kafin ta'addancin daji ya yi ƙamari daga wajen 2011. Ruwa ba ya tsami banza. Inda aka bar dubban matasa babu gona mai riba, babu masana'anta, babu makaranta, babu kuma adalci tsakanin manomi da makiyayi, to an share wa ɓarna fili.

Da auduga ta faɗi, sai aka nuna wa matasa ramin zinare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda iyaye suna daka duwatsun zinare a cikin gidajensu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, aka ɗage hanin a watan Disambar 2024. Ina matatar zinare a Gusau? Ina asibitin da aka gina da kuɗinsa? Labarin dai ɗaya ne da na auduga: ɗanye ya fita, riba ta tafi, kabari ya rage wa mai ƙasa.

Saboda haka lokaci ya yi da matashin Zamfara zai daina tafa wa alƙaluman da ba su san da zamansa ba. Ma'aunin bunƙasa na gaskiya tambayoyi ne masu sauƙi, kuma kowane ɗan siyasa da ya shigo unguwa da buhun shinkafa ya cancanci a tare shi da su. Shin manomin Tsafe zai je gonarsa ya dawo lafiya ba tare da ya biya ɗan bindiga ba? Wa zai ba shi ingantaccen irin auduga, kuma wa zai tsaya masa a kan farashi kafin shuka? Awa nawa ake ba masu injina wuta a Gusau a rana? Waken suya da gyaɗar da ake lodawa a manyan motoci, me ya hana a tatse su a nan? Kamfanin da aka ba lasisin haƙar zinare, 'yan ƙasa nawa ya koya wa aiki? Wanda ba shi da amsa ba shi da abin faɗa, ko da ya zo da takardun Bankin Duniya cike da jaka.

Su ma matasan akwai nasu nauyin. Manomi ɗaya ɗan baranda ke taka shi, manoma ɗari da suka haɗa kai suka ajiye amfaninsu wuri guda su ke yanka farashi. Masu ɗinki da masu rini da masu injin niƙa idan suka yi ƙungiya suka tara jari na halal, babu ruwansu da bashin ruwa, za su fi ƙarfin a shure su. Wanda ya yi karatu ya koyi karanta kasafin kuɗin jiharsa, ya bayyana wa 'yan'uwansa abin da aka ware wa noma da abin da aka kashe a zahiri. Azzalumi ba ya tsoron mai kuka, mai lissafi yake tsoro.

Ƙasar da ta noma audugar da ta ciyar da masaƙun Ingila ba ta tsufa ba, hannayen da za su saƙa ta ma suna nan birjik a bakin tasha suna jiran fasinja. Abin da ya ɓace shugabanci ne mai tsoron Allah da kishin raunana. Ranar da aka ji ƙarar injin masaƙa ta dawo Gusau, aka ga motocin auduga suna fitowa daga Tsafe da Bunguɗu da rana tsaka ba tare da rakiyar soja ba, ranar ce za a yarda arziki ya bunƙasa. Kafin nan, su riƙe alƙalumansu. Allah Ya kawo wa bayinSa mafita.