Kurmen Zanzibar da Kurmen Kududdufi



Ranar Asabar da ta wuce muna zaune a zaure a nan cikin birni, sai wani ƙaninmu ɗan aji biyu na babbar sakandare ya miƙo mana waya. Bidiyo ne na wasu mutane a ƙarƙashin teku, kowa da tukunyar iska a gadon baya da tabarau a fuska, ƙafafunsu sanye da takalmin roba mai faɗi kamar na agwagwa. Kifaye masu launi iri-iri suna zagaya su, ga wani ƙaton kunkurun ruwa yana wucewa abinsa. Yaron ya ce, "Yaya, wannan ai kurme ne. Mu ma muna yi, ba ma sai da tukunya ba." Muka yi dariya. Amma da dare maganar ta hana mu sakat, don mun san inda yake nufin suna yi.

Wurin da ke cikin bidiyon Zanzibar ne, tsibiran ƙasar Tanzaniya da ke Tekun Indiya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. A arewa maso gabashin Unguja, daura da ƙauyen Matemwe, akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Mnemba, wanda duwatsun murjani suka kewaye. Nan ne masu nutso suka fi tururuwa. Ruwan ɗumi gare shi duk shekara, kuma idan ya kwanta mutum kan hango abin da ke nesa da shi da mita 20 ko fiye. Pemba kuwa ba ta 'yan koyo ba ce: ƙasan tekun kan yanke ne kwatsam kamar bango, ga igiyar ruwa mai ja da ƙarfi.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne karatun da ake yi kafin a jiƙa ko da ɗan yatsa. Na'urar da ke ba su numfashi, wasu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera ta a 1943, kuma har yau shagon kirki ba ya ba ka hayarta sai ka nuna shaidar horo. Mai shaidar farko ba ya wuce zurfin mita 18. Masu yi don nishaɗi, komai ƙwarewarsu, iyakarsu mita 40.

Dalili kuwa yana cikin littafinku na Fiziks. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu yanzu. Ke nan a mita 10 ya ninka biyu. Ku tuna da dokar Boyle da ake haddacewa saboda jarrabawa: idan matsi ya ninka, iska ta tsuke zuwa rabi, idan ya ragu, ta buɗe. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso sama, iskar za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinsa, huhu na iya fashewa. Shi ya sa dokarsu ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Ta biyu, a taso a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5. A can ƙasa iskar naitirojin kan narke cikin jini, idan aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an girgiza an buɗe.

Akwai ɗan Nijeriya da ya ga wannan da idonsa. A watan Mayu na 2013 wani jirgin ruwa mai suna Jascon 4 ya kife a teku daura da gaɓar Neja Delta, ya sauka zurfin kusan mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu kusan awa 60. Masu nutso da suka je ɗauko gawarwaki suka tarar da shi da rai. Duk da haka ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a wani ɗaki na ƙarfe ana rage masa matsi kaɗan-kaɗan. Daga baya shi ma ya koyi aikin, ya zama mai nutso.

Sai kuma dokar da ta fi damunmu a yau: ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokinsa. Kafin su faɗa sai su dudduba kayan juna, a yi musu bayanin zurfin wurin da inda ruwa ke ja, sannan jirgi yana sama yana jira. Magana da hannu ake yi. Ɗaga babban yatsa ma a wurinsu ba ya nufin "lafiya lau", yana nufin "mu hau sama".

To, mu dawo gida. Mu a cikin birni ba mu da teku, kududdufi muke da shi. Yawancinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar ginin ganuwa da tubalin gidaje, ruwan sama ya zo ya cika su. An cike da yawa an yi gini a kai, amma duk mai bin titin BUK ta wajen Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ya san ba su ƙare ba. Tunda rami ne na haƙa, bakinsa ba ya gangara a hankali. Taku ɗaya ruwa iya gwiwa, taku na biyu ya shanye kai. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, da fasassun kwalabe da tsofaffin tayoyi da leda. Kainuwa ta rufe samansa, kwatocin unguwa suna zuba a ciki. Mai nutso a Mnemba yana ganin abokinsa daga nesa. A kududdufi ko tafin hannunka ba ka gani.

Ba daga nesa muke faɗa ba. Mu ma mun yi. Ranar Alhamis da babu makarantar allo mukan sulale mu tafi, mu dawo ido jajur, Inna ta karci ƙwaurinmu da farce, idan fari ya fito ta san inda muka je. Abin da ya raba mu da wurin shi ne ranar da ƙafar wani abokinmu ta kafe a laka. Muna kusa da shi, tazarar ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, amma ba mu ji komai ba. Kansa ne kawai ke ɓullowa yana komawa, mu kuwa mun ɗauka wasa yake. Wani dattijo mai wanki ne ya lura, ya miƙa masa gora ya jawo shi. Ashe ihun da ake yi a fim ƙarya ne. Wanda ruwa ke ci bakinsa neman iska yake, ba shi da ta kiran kowa.

Wasan da ya fi haɗari shi ne gasar wa zai fi daɗewa a ƙasa. Yara kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su yi kurme, wai suna tara iska. Ba iska suke tarawa ba. Iskar kabon suke fitarwa, alhali taruwarta ce ke sa jiki ya ce maka "fito ka shaƙa". Idan an rage ta, oksijin na iya ƙarewa kafin gargaɗin ya zo, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba. Gwanaye ma wannan ke ci, domin su ne ke shiga gasar. Abokai kuma suna bakin ruwa suna ƙirge, suna yaba masa.

Ko an fito lafiya, akwai tsargiya. Ƙwayarta a jikin katantanwar ruwa take girma, ta ratsa fatar mai wanka, bayan wani lokaci a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu samari na ɗaukarsa alamar balaga. Ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti. Wanda ya gani ya gaya wa na gaba da shi, kunya ba ta warkar da mafitsara.

Kada wani ya ce Bahaushe bai san ruwa ba. A Argungu ta jihar Kebbi, bikin kamun kifi na kogin Matan Fada yana gudana tun 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Akwai gasar nutso, da tseren kwale-kwale, da kama kifi da hannu. Sai dai ku lura da tsarin: waɗannan 'ya'yan masunta ne da suka tashi a kogin, suna shiga da gora mai ɗaga su, akwai Sarkin Ruwa, kuma babu mai faɗawa sai an ba da izini. Tsarinsu ya fi kusa da na Mnemba fiye da namu na ranar Alhamis.

Mun san hani kaɗai ba ya aiki. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, wuraren iyo na otal-otal kuma ba na aljihun ɗan makaranta ba ne. A ganinmu babban giɓin ke nan. Birni mai miliyoyin mutane, ga madatsun Tiga da Challawa da Watari a jiharsa, amma yawancinmu mun gama sakandare ba wanda ya koya mana iyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 236,000 ne ruwa ya ci a 2019, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don wayar da kai a kan haka, ranar kuma ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da kududdufanmu ke cika. Ƙungiyoyin ɗalibai na iya roƙon shugaban makaranta ya gayyato jami'an kwana-kwana su yi bayani, tunda su ake kira idan wani ya faɗa kududdufi ko rijiya.

Kafin nan, idan kuka ga wani na nutsewa, kada ku faɗa. Mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya matso, a rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Ku ƙwala ihu ku kira manya. Ku kwanta rubda ciki a bakin ruwa ku miƙa sanda ko gora ko mayafi. Idan ya yi nisa, ku jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, in da hali a ɗaure da igiya. Wani ya kira 112. Idan an fito da shi, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, don ruwan da ya shiga huhu kan ta da matsala bayan awoyi.

Shi kuwa ƙanin namu, washegari ya dawo yana tambayar kuɗin koyon nutso da tukunya. Muka ce masa kafin a ba mutum shaidar farko sai ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai kurme ya iya, iyon ne bai taɓa gwada mai nisa ba.