Sifana, Garanti da Wanda Zai Cika Alkawari

Sharhin na yau ya shafi akwatin kayan aikin da ke bayan mota ko a kusurwar zaure.

Da safiyar Asabar magidanci ya ɗaga bonet, da niyyar tsabtace kan batir kafin rana ta ɗaga. Noti ne ƙarami mai lamba 10. Ya sa sifana ya ja, bakinta ya buɗe ta zame, bayan hannunsa ya daki ƙarfe. Da ya sake dubawa, kusurwoyin notin shida sun cinye, ya zama mulmulalle. Aikin minti goma ya koma neman bakanike, wani lokacin har da mai walda. Tun da kuɗin gyara ya yi tashin gwauron zabo, masu mota da yawa sun koma yin juyen baƙin mai da canjin filogi da na birki a ƙofar gida, kuma kusan kowannensu ya taɓa tsayawa gaban mai shago yana juya sifana biyu a hannu, ɗaya ta ninka ɗaya a farashi, yana tambayar kansa wacce zai ɗauka.

Babu ƙasar da ta daɗe tana wannan muhawara kamar Amurka, inda gyaran mota a gida al'ada ce da uba ke koya wa ɗa. A can, amsar ta shafe shekaru masu yawa tana da suna guda: Craftsman. Kamfanin Sears na birnin Chicago ne ya fara sayar da kayan aiki da wannan suna a 1927. Shi kansa Sears ba ya ƙera ko sukudireba ɗaya, kwangila yake bai wa masana'antu irin su Western Forge ta jihar Colorado, su ƙera su buga tambarin. Abin da Sears ya sayar wa Amurkawa shi ne alkawari: duk kayan hannun da ya karye ko ya gaza, mutum ya kawo shi kowane shagon kamfanin a ba shi sabo, ba a tambayar rasit, ba a tambayar shekarar da aka saya. Jika yakan ɗauki sifanar kakansa da ta tsage ya shiga shago ya fito da sabuwa. A wancan lokacin kusan kowane gari mai girma yana da shagon Sears, don haka tsakanin karyewar sifana da samun madadinta tafiyar rabin awa ce.

Wannan kusancin shi ne ainihin darajar garantin, kuma ba a gane hakan sosai ba sai da shagunan suka fara rufewa. Daga wajajen 2010 aka mayar da ƙerar yawancin kayan hannun Craftsman ƙasar Sin. Mutum ya kai tsohuwar sifana ƙirar Amurka, a miƙa masa wata ƙirar waje wadda a idonsa ba ta kai ta hannunsa ba. A 2017 Sears ya sayar da sunan ga kamfanin Stanley Black & Decker a kan kimanin dala miliyan 900. A watan Oktoban 2018 Sears ya shiga kotu ya ayyana karayar arziki, kuma daga dubban shaguna, waɗanda suka rage a yau ana iya ƙirga su da yatsu. Sabon mai sunan ya ce zai ci gaba da cika alkawarin, shagunan Lowe's kuma suka karɓi sayar da kayan. Amma wanda ya saba da tsohon sauƙin ya ga bambanci: wani lokacin shago ba ya da irin abin da aka kawo a ware, sai a saiti, sai a ce ya kira kamfani a waya ya jira aike.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya nuna cewa ƙera sifana mai kyau ba wasa ba ne. A 2019 Stanley Black & Decker ya sanar da gina masana'anta ta dala miliyan 90 a Fort Worth da ke jihar Texas, don dawo da ƙerar Craftsman gida da injuna masu sarrafa kansu. A 2023 aka sanar da rufe ta. Kuɗi sun samu, fasaha ta samu, amma aikin bai tafi yadda aka tsara ba.

To mene ne ke cikin sifana da ya sa haka? Ana farawa da ƙarfe mai haɗin kurom da banadiyam, wanda ake buga alamarsa Cr-V a jikin kayan. Ana gasa shi ya yi ja, guduma mai nauyi ta buga shi cikin mazubi, a yanke bakin daidai awo, sannan a sake gasawa a tsoma a sanyaya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda ido ba ya gani, kuma a nan ake yin ha'inci. Idan ƙarfen ya yi taushi, bakin sifana zai buɗe a kan noti mai tauri. Idan ya yi tsauri fiye da kima, zai karye kamar gilashi a hannun mai ja. Duk maƙerin da ya taɓa ƙera fartanya ya san wannan ma'auni. Rubutun Cr-V ko sunan wata ƙasar Turai a jikin ƙarfe ba hujja ba ce, domin wanda ya iya kwaikwayon siffa ba zai gaza buga haruffa ba. Ƙyallin farin fenti ma haka: yana hana tsatsa, ba ya ƙara ƙarfi.

Abu na biyu shi ne awo. Sifana mai lamba 14 da ke rawa a kan noti mai lamba 14 ita ce ke cinye kusurwa. Kamfanin Snap-on ya yi suna tun shekarun 1960 da wata ƙirar soket da ke kama gefen noti a maimakon kusurwarsa, kuma yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinta, har da masu araha. Soket mai kusurwa 6 ya fi mai 12 riƙe noti mai tsatsa, shi ya sa gogaggen bakanike ke fara lalubensa idan aiki ya yi gardama.

Shi Snap-on ɗin yana can ɗaya ƙarshen kasuwar. Joseph Johnson da William Seidemann suka kafa shi a Milwaukee a 1920, da dabarar hannaye 5 da soket 10 masu sauyawa, waɗanda ke yin aikin sifana 50. Har yau da wuya a ga kayansa a kanti. Dillali ne ke zagaya garejoji da mota cike da kaya mako-mako, ya ba da bashi, ya karɓi biya kaɗan-kaɗan, ya musanya abin da ya karye nan take. Farashin yakan ninka na kanti sau da yawa, kuma bakaniken da ke cin abinci da hannunsa daga safe zuwa magariba yana da dalilin biya, tun da shagon ne ke zuwa inda yake. Mai gyaran motarsa a gida kuwa, motar dillali ba ta tsayawa a ƙofarsa. Idan ya sayi irin wannan kaya, ya biya kuɗin hidimar da ba za ta same shi ba.

Gurbin da Sears ya bari, kamfanin Harbor Freight na jihar Kalifoniya yana cikin waɗanda suka cike shi. An kafa shi a 1977, yana shigo da kaya masu rahusa daga Asiya, kuma kayan hannunsa masu tambarin Pittsburgh suna da garantin muddin rai. Ga mai taɓa mota sau biyu a wata, wannan ciniki ne mai ma'ana. Sai dai a 2020 kamfanin ya janye ƙafafun tokare mota kimanin miliyan 1.7, masu ɗaukar tan 3 da tan 6, saboda makullinsu na iya suɓucewa mota ta faɗo. Bayan 'yan makonni, wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu ma aka janye su saboda matsalar walda. Kamfanin ya mayar da kuɗi, ya nemi afuwa, kuma hakan abin yabo ne. Amma duk mai tunani zai tsaya a nan. Garanti yana maye ƙarfen da ya lalace. Ba ya biyan kuɗin notin da ya cinye, ba ya ɗinke hannun da ya yanke, ba ya kuma ɗaga mota daga ƙirjin wanda ke kwance a ƙarƙashinta.

Saboda haka tambayar da ta fi "wane suna ne a jiki" amfani ita ce: idan wannan abu ya gaza, me zai tafi da shi? Guduma mai araha ta yi, sifana mai lamba 24 da ba a taɓa ta sai shekara-shekara ita ma mai araha ta yi. Lambobin da motocin Japan irin su Toyota da Honda ke ci kullum, wato 10, 12, 14, 17 da 19, da kuma 13 na motocin Turai irin su Golf da Peugeot, a nan ya kamata kuɗi su tafi. Haka racet, wato hannun soket mai ƙaras-ƙaras: mai haƙora 36 sai an karkata shi digiri 10 kafin ya kama, mai haƙora 72 digiri 5 ya ishe shi, kuma a matsatsin injin motar zamani wannan bambanci ne tsakanin aiki ya yiwu da ya gagara. Abin tokare mota kuwa ba wurin neman ragi ba ne ko kaɗan, kuma jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashin mota da shi ba ne. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, a wannan wuri kam har rai takan ci.

Garantin muddin rai ma yana da iyaka, kuma kamfanoni suna rubuta ta. Zura fayif a hannun racet don ƙara ƙarfi, abin da ake gani kullum a garejojinmu, yana soke garanti. Mayar da sukudireba kurfi, ko sa farin soket a bindigar iska, shi ma haka. Baƙin soket mai kauri aka yi don bindiga, domin farin yakan tarwatse. Sifanar awon ƙarfin ɗauri kuwa, yawanci garantinta gajere ne, saboda na'urar awo ce da ke buƙatar a sake daidaita ta, kamar sikelin mai nama. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ba da shawarar a duba ta duk shekara ko bayan amfani sau 5,000. Duk da haka tana daga cikin abubuwan da suka cancanci kuɗinsu, domin kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, kuma ɗaure filogi fiye da kima yana lalata zaren raminsa, gyaran da ya fi kuɗin sifanar.

Yanzu a dawo da maganar gida, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna. Kwalin da aka rubuta wa garantin muddin rai a can Amurka, idan ya iso nan ta kwantena, rubutun ya zama ado, tun da babu shagon da zai karɓi abin. Wanda ya biya ƙarin kuɗi saboda wannan rubutu ya sayi alkawarin da aka ɗaukar wa wani. Akwai kuma wani tarko a saitin da ke zuwa daga Amurka: wasu na awon inci ne. Mai 9/16 milimita 14.3 ne, zai shiga noti mai lamba 14 amma zai yi rawa, kuma rawar nan ce ke mulmule noti. A gefe guda, a tarin kayan gwanjo akan tsinci tsofaffin sifanun Jamus irin su Gedore, wanda 'yan'uwa Dowidat suka kafa a Remscheid a 1919, ko Hazet, ko Facom na Faransa. Sifanar da ta yi shekara 30 tana aiki bakinta bai buɗe ba, ta riga ta ci jarrabawar da babu takardar da za ta yi mata. Su ma ƙirar Taiwan da Indiya da Sin hawa-hawa ne, akwai nagari ƙwarai akwai na banza, wani lokacin daga gari guda.

Garantin da ke aiki a kasuwanninmu shi ne mutum: mai shagon da aka san rumfarsa, wanda zai ce "Alhaji, in ta ba ka matsala ka dawo da ita," kuma a dawo a same shi. Alkawari kaya ne, kuma 'yan kasuwa na ƙwarai suna ɗaukarsa da nauyinsa. Ba ma alfarma ba ce kawai. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba da damar mayar da kaya mai lahani, hukumar kuma ta sha nanata cewa rubutun "kayan da aka saya ba a dawowa da su" a ƙasan rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Abin takaici shi ne mutane ƙalilan ne ke neman rasit a kan sifana, kuma ba tare da shi ba magana takan zama musu.

Tsofaffin kanikawa suna da hanyarsu ta gwaji, kuma ba ta buƙatar ko sisi. Mutum ya tafi kasuwa da sabon noti mai lamba 10 da mai lamba 14 a aljihu. Ya sa sifanar ya girgiza, ya ji ko tana rawa. Ya duba cikin zoben ko kusurwoyin sun fita tsaf, ya shafa gefen ko akwai kaifi ko fentin da ke ɓarewa, ya juya racet kusa da kunne ya ji ko haƙoran suna tafiya bai ɗaya, gaba da baya. Sannan ya tambayi mai shago a gaban shaida abin da zai faru idan ta karye cikin wata guda, ya sa a rubuta amsar da sunan kayan a jikin rasit kafin ya ƙirga kuɗi.