LAFIYA UWAR JIKI: Gajiyar da ke bin korona



Wannan wata za mu yi magana bisa ciwon da korona ke bari a jiki bayan ta wuce.

Korona ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin Disamba 2019. Ta shigo Nijar cikin Maris 2020. Yawancin waɗanda ta kama sun warke sarai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 6 ba su samun kansu da wuri. Wata 3 bayan kamuwa suna nan suna fama.

Ga alamominsa: gajiya mai yawa, haki, tari, faɗuwar gaba, mantuwa, rashin barci, rashin jin ƙamshi ko ɗanɗano. Ya fi kama mata. Ba sammu ba ne, ba ƙiwuya ba ce. Kuma mai wannan gajiya ba ya sa ma kowa, kada a guje shi.

Mi ya kamata a yi?

1. A fara zuwa likita. Tarin fuka da masassara da ƙarancin jini su ma suna kawo gajiya, kuma suna da magani. Tarin da ya wuce sati 2, a auna kakinsa.

2. A raba aiki. Wanda ya matsa ma kansa yau, gobe ko jibi ciwon ya kada shi. Yi kunya 2, zauna inuwa tun ba ka gaji ba. Sannu ba ta hana zuwa.

3. In haki ya taso, zauna ka duƙa gaba kaɗan. Ja iska ta hanci, fitar da ita ta baki sannu, kamar mai hura kunu.

4. Kada a sayi tramol wajen ƴan tebur don a samu ƙarfin noma. Yana ɓoye gajiya, ciwon na ƙaruwa. Har yau babu ƙwaya guda mai warkar da wannan ciwo, kada a sayar da akuya a banza.

5. Ciwon ƙirji, tarin jini, kumburin ƙafa guda, ko haki ana zaune: a tafi likita ranar nan.

Da yawa suna samun sauƙi cikin watanni. Kafin nan, a yi ma maras lafiya gayya, a ɗauke ma mace daka da ɗiban ruwa.

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba. Sai wata mai zuwa.