Duniya Ina Labari: Nauyin Da Ke Kan Tafinta Tsakanin Danmak Da Polan

Mai karatu, a wannan makon za mu ƙetare zuwa arewacin Turai, inda Tekun Baltik ya raba ƙasar Danmak da ƙasar Polan. Maƙwabta ne, amma harsunansu sun yi hannun riga: na Danmak dangin Jamusanci ne, na Polan kuwa dangin Rashanci.

Tun 1893 talakawan Polan, yawancinsu 'yan mata, suka fara zuwa cin rani tsibirin Lolan na Danmak, suna ƙwadago a gonakin wata saiwa wadda ake yin sukari da ita. Cutar da aka yi musu ta sa aka kafa dokar kare su a 1908. Da Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, Danmak kuma ta janye sauran sharuɗɗanta a 2009, sai dubbai suka sake kwararowa, suna aikin gini da noma da shara.

To, masana ilmin zaman jama'a na Danmak sukan so su san halin da waɗannan baƙi ke ciki, don hukuma takan dubi binciken nasu kafin ta tsara doka. Ga mai tambaya, ga mai amsa, ba mai jin wani. Nan ne tafinta ke shigowa, nan ne kuma gizo ke saƙa.

Ga misali. A Polan doka ce ke yanke mafi ƙarancin albashi. A Danmak kuwa babu irin wannan doka; ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni su ke ƙulla yarjejeniyar gama-gari, tsarin da ya samo tushe tun 1899. A ce mai bincike ya tambayi lebura ko aikinsa na ƙarƙashin wannan yarjejeniya. In tafinta bai san tsarin ba, sai ya juya maganar ta koma, wai ko ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki? Bawan Allah ya ce i. Shi ke nan, an lissafta shi cikin waɗanda aka kare, alhali kuwa ana iya biyansa abin da aka ga dama. In aka tara irin wannan amsa ɗari, sai rahoto ya fito yana cewa lafiya lau.

Haka kuma batun ladabi. Mutumin Danmak yakan ce wa kusan kowa "kai" kawai. Mutumin Polan kuwa ba ya yi wa baƙo magana sai da kalmar girmamawa, watau Pan ga namiji, Pani ga mace. Tafintan da ya manta da wannan ya ɓata ran dattijo, amsa kuwa ta gajarce.

Saboda irin haka ne masu babban binciken ra'ayoyin jama'ar Turai, wanda aka soma a 2002, ba su barin fassarar tambayoyinsu a hannun mutum guda. Sai an fassara, an zauna an tantance, an gwada a kan mutane, an kuma rubuta dalilin kowane zaɓi.

Ra'ayina shi ne, jin harshe biyu bai isa ya mai da mutum tafintan bincike ba. Dole ya san dokoki da al'adun ƙasashen biyu, ya riƙe asiri, kada kuma ya zama yaron mai kamfanin da ake bincika, gama ba wanda zai faɗi laifin ubangidansa a kunnen ɗan gida. Abincin wani yana rataye a bakin tafinta.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.